Bikon Rijiya

Wani mafarki na yi a daren jiya, kuma tunda har yanzu bai sake ni ba, na ga gara in zauna in jera shi daki-daki kafin ya watse. Amma sai na fara faɗin abin da na kwanta da shi a raina, in ba haka ba mai karatu zai ɗauka tuwon dare ne ya yi mini yawa.

Ni malamin firamare ne a Malumfashi, saura kaɗan in ajiye alli. 'Yata ta fari, wadda nake kira Uwani saboda sunan mahaifiyata aka sa mata, ma'aikaciyar jinya ce. Ita ta kawo wani wasa gidanmu. Ana shimfiɗa tabarma a zaure, mutane kaɗan su zauna. Ɗaya ya riƙe takarda yana bayyana musu wani gari da mutanensa da matsalar da ta same su, sauran kuwa kowa ya zaɓi wanda zai zama a cikin labarin, wani maharbi, wata 'yar kasuwa, su riƙa faɗin abin da za su yi. In abin mai wuya ne, kamar tsallake katanga ko shawo kan sarkin fawa, sai a jefa ɗan lido ya raba gardama. Da farko na tsaya na duba sosai ko caca ce. Da na tabbata ko kwabo ba a sawa, sai na ɗauko kujerata na riƙa zama a gefe ina saurare.

Takardun da mai jan wasan ke riƙewa, ashe mutane ne ke rubuta su daga gidajensu suna sayar wa kamfanoni. Wani ƙaramin kamfani ya yi shela yana neman sababbin marubuta, kowa ya aiko da labarin wasa ɗaya mai ƙamshin ƙasarsu a gani. Uwani ta ce ai ni ake nema. Ta ce wanda ya iya riƙe aji cike da yara da tatsuniya ana dab da tashi ranar Juma'a, wannan ba zai gagare shi ba. Na yi ta ja da baya tana turo ni, har na zauna na rubuta. Labarina na wata rijiya ce da ta yi yaji, ta bar gari da rami fayau, masu wasa kuma su ne 'yan biko. Na tsara shi yadda nake tsara darasi: ga mafari, ga matakai, ga abin da za a cimma a ƙarshe.

Jiya da yamma aka gwada shi a zaure, domin yau ce ranar ƙarshe ta aikawa. Uwani ce ke jan wasan. Lurwanu mai gyaran waya ya zama maharbi, Sa'adatu abokiyar aikinta ta zama 'yar koli. Ba a yi nisa ba Lurwanu ya ce shi kafin a tafi biko zai fara sauka cikin ramin da rijiyar ta bari, ya ga abin da ke ciki. Uwani ta duba takarda, ta juya shafi, ba ta ga komai game da rami ba. Kafin ta buɗe baki na ji muryata daga kan kujera tana cewa, "A'a, Lurwanu, ba a shiga nan. Hanyar gabas za ku bi." Ya ce to, Malam. Suka bi hanyar gabas, suka yi duk abin da na rubuta, rijiya ta dawo. Babu wanda ya yi dariya ko sau ɗaya. Da suka tashi, sun yi mini godiya irin wadda ake yi wa wanda ya ba ka magani mai ɗaci. Uwani na naɗe tabarma ta ce rubutun ya yi tsaf, da safe za ta aika kafin ta tafi aiki. Na san 'yata. In ta ce abu ya yi tsaf, to akwai sauran maganar da ta haɗiye.

Da wannan na kwanta.

Sai ga ni a tashar mota, riƙe da rubutuna a hammata. Rubutun ya zama zabuwa. Ban yi mamaki ba, na dai gyara mata fiffike don kada ta takura. Motocin tashar ba sa jiran cika. Direba ke jefa ɗan lido a ƙasa. In ya ba da lamba mai yawa hanya ta fito, in ya ba da kaɗan fasinjoji su sauka, su yi wa juna sannu da zuwa, su koma gida. Na tambayi ɗan kamasho motar da ke zuwa wurin masu sayen rubutu. Ya ce ai daga cikinta na sauko yanzu, in duba ko na manta kaya.

Na juya, sai ga wani ofis da aka gina a kan bishiyar kuka. A gindinta marubuta ne zaune a layi, kowa da tsuntsunsa: mai agwagwa, mai tattabara, da wani dattijo mai jimina wadda ya ce kashi na farko ce kawai. Ciyawa ta tsiro a kan hulunan wasu. Na yi sallama na zauna a ƙarshe. Na kusa da ni, wani mutum mai fara'a da kabewa ta yi yaɗo a kafaɗarsa, ya bayyana mini yadda abin yake. Editar ofishin, wato mai tace rubutun, shamuwa ce, ba ta zuwa sai da damina. In ta karɓi tsuntsunka ya zama nasu har gashinsa, sai dai a rubuta sunanka a ƙafarsa da ƙananan baƙaƙe, kuma kowa a nan wannan rubutun ƙafar yake mafarki. Ƙa'idar wurin ɗaya ce: ba a karɓar rubutun kowa sai wanda aka taɓa karɓar nasa. Na tambaye shi to na farkon fa, yaya aka yi ya shiga. Ya ce ai shi ma yana nan a layi, ya nuna mini shi can gaba yana gyangyaɗi.

Ba mu daɗe ba damina ta iso a cikin buhu, a bayan wani mai keke. Ya kwance bakin buhun, ruwa ya bi layi yana jiƙa mutum ɗaya-ɗaya, wanda bai zo kansa ba yana zaune a bushe. Da ya zo kaina na ji an kira mai zabuwa. Matakalar ofishin sauka take yi in kana hawa, saboda haka na nufi ƙasa har na isa sama.

Shamuwar na tsaye da ƙafa ɗaya a bayan tebur, da tabarau a ƙarshen bakinta. Ta amsa gaisuwata da mutunci, ta tambayi iyali da 'yan makaranta. Na faɗa mata gaskiya, cewa ba a taɓa karɓar rubutuna a ko'ina ba. Ta ce ba komai, ta riga ta ƙi shi tun bara, wannan ya isa a ce mun saba.

Ta ɗauko mudu ta girgiza zabuwar a kansa. Kalmomi suka zubo kamar gero, suka cika shi suka yi tozo. Ta sa fiffike ta share tozon, kaji suka taho suna tsince abin da ya zuba. Raina ya ɗan sosu, don na sha wahala wajen jera su. Sannan ta sa baki cikin mudun ta yi ta tono. Can ta ɗago.

"Malam, ina wurin zaman baƙi?"

Na ce ban gane ba.

"Ka shimfiɗa tabarma, ka kira mutane, sannan ka jera kayanka a kanta daga wannan baki zuwa wancan. A ina za su zauna?"

Na ce ai na tanadar musu komai ne don kada wani ya ɓata. Ta ce su a nan ba karanta rubutu suke yi ba, shigarsa suke yi. Zabuwar ta yi ƙwai a kan tebur, shamuwa ta fasa shi da baki, sai ga mu a ƙofar gari.

Garina ne, na gane shi nan take, kuma ba zan ɓoye ba na ji daɗin ganinsa. An share ko'ina. Kowace ƙofa an rubuta mata da alli, wannan "Nan ne," waccan "Ba nan ba ne." Duk wani kwatami an rufe shi da allo. Ƙayar aduwa kowace an ɗaura mata auduga a tsini. Mutanen gari na tsaye a ƙofar gidajensu, hannu a ƙirji irin na 'yan aji, kowa ya haddace jimlarsa ɗaya yana jiran a zo a tambaye shi.

Lurwanu da Sa'adatu na gabana, shi da kwari da baka, ita da faifan koli a ka. Uwani na gefe riƙe da takarda, sai dai takardar ta fi ta tsawo, da ƙyar nake hango ɗankwalinta. A ƙugun kowannensu akwai igiya. Na bi igiyoyin da ido don in ga marar tausayin da ya ɗaure mutane kamar awakin kasuwa, sai na tarar bakinsu a hannuna yake. Igiya ce mai laushi, an naɗe ta da tsumma don kada ta ci fata. Aikina ne, babu shakka.

Muka zo wucewa ta ramin da rijiya ta bari a tsakiyar gari. An kewaye shi da kujerun aji. Lurwanu ya karkata wajensa, zabuwa ta ƙwalla ƙara daga hammatata, hannuna ya ja igiya da kansa. Ya ce to, Malam, ya dawo hanya.

A hanyar gabas muka iske dodon da na rubuta, zaune a kan 'yar kujerar tsakar gida, ya haɗa gwiwoyi. Ƙato ne, kansa na taɓa reshen tsamiya, amma an yanke masa farce an goge, haƙoransa kuma suna cikin kofi a gefensa. Ya tashi ya gaishe mu, ya ba mu haƙuri a kan tsoron da muka ji. Sa'adatu ta ce ba mu ji ba. Ya ce ya sani, a rubuce yake ya ba da haƙuri. Ya nuna mana hanya, ya ce a yi hankali da dutsen can, ko da yake an riga an ɗauke shi.

Da su Lurwanu suka yi gaba gwargwadon tsawon igiya, ya matso kusa da ni ya rage murya. Ya ce ba ƙara yake kawowa ba, ya san nufina alheri ne. Amma kullum in ya koma gida iyalinsa na tambayarsa wa ya gudu yau, shi kuwa sai ya sunkuyar da kai. Yaransa har sun fara gaya wa abokansu cewa ubansu mai ba da hannu ne a kan titi.

"Ko mutum ɗaya, Malam," in ji shi. "Ba sai na kama shi ba. Ya dai zubar da takalmi."

Na ce zan duba. Abin da nake gaya wa iyayen yara ke nan in ba ni da abin yi musu, kuma na ga shi ma ya gane.

Sai ga mu a bakin rafi, wurin da takarda ta ce a jefa ɗan lido a ga ko za a haye. Ɗan lidon ya kai girman rumbu, yana kwance a inuwa yana hamma. Na zagaya shi, na ga kowace fuska lamba shida ce. Ana ganin ɗigon asali, ana kuma ganin inda aka ƙara wasu da alli, a zagaye tsaf irin na hannuna. Ya ce ba sai an wahalar da shi ba, a ɗauka an jefa. Rafin ya tattare ruwansa kamar mai tattare riga, muka wuce a bushe. Sa'adatu ta ce da ta sani da ba ta cire takalmi ba.

Zan faɗi abin da ke raina a lokacin, don kada a ɗauke ni azzalumi. Na daɗe ina koyarwa, na kuma san tafiyar yaron da ya faɗi jarrabawa, yadda yake jan ƙafa zuwa gida don kada ya isa. Ban taɓa sabawa da ganinta ba. Da na zauna rubutu, sai na ga ga gari guda a hannuna wanda zan iya hana kowa faɗuwa a cikinsa. Wane malami ne zai samu wannan ya ƙi?

Rijiyar muka tarar a gidan iyayenta, wato wani tafki a bayan dutse. Tana zaune a ɗaki ta juya wa ƙofa baya, ta yafa mayafi a kan bakinta na siminti, guganta a ƙunshe a gefe. Tafkin, dattijo mai farin kumfa a gemu, ya karɓe mu a zaure, aka kawo mana yashi a kwanon sha muka kurɓa don ladabi. Uwani ta karanto daga bayan takarda cewa yanzu 'yan biko za su ba da haƙuri. Lurwanu ya ba da haƙuri da kalmomin da na rubuta, bai tsallake ko ɗaya ba. Tafki ya ce ya ji, ya kira 'yarsa ya ce ta tashi ta bi mutanenta. Ta tashi ta ɗauki guga. Komai na tafiya daidai.

A bakin ƙofa ta tsaya, ta juyo gare ni. Muryarta daga can ƙasa take fitowa, sai an ɗan jira kafin ta iso.

"Malam, me aka yi mini?"

Na ce yaji ta yi.

"Na sani. Ka rubuta na tafi, ka rubuta na dawo. Tun da na zo babana ke tambayata abin da aka yi mini, ni kuwa sai kuka, don ban sani ba. Duk wadda ta taɓa yin yaji a duniya ta san abin da ya fitar da ita, sai ni."

Na dubi zabuwa, ta kau da kai. Ban rubuta ba. Na rubuta hanya, na rubuta dawowa, har waƙar da 'yan mata za su yi a bakin rijiya na rubuta, amma abin da ita take so bai zo mini ba ko sau ɗaya. Ta ce to ita ba za ta koma gidan da ba ta san me ya kore ta daga cikinsa ba. Ta ajiye guga ta zauna.

Shamuwa ta sauko daga kan katanga ta ce damina ta kusa ƙarewa, mai keke ya fara ɗaure buhu. In rijiya ba ta motsa ba kafin nan, zan koma gindin kuka in jira baɗi tare da mai kabewa. Uwani ta leƙo ta gefen takardar. Irin kallon da ta yi mini tana naɗe tabarma ta sake yi mini.

Na buɗe baki zan ƙirƙiro dalili nan take in ba rijiya ta haddace, sai yatsuna suka taɓa alli a aljihu. Akwai abu ɗaya da aikin koyarwa ya koya mini wanda ban samo shi daga kwaleji ba. In ka yi wa aji tambaya, ka mayar da hannuwanka baya, ka yi shiru. Shirun yana da nauyi, yakan yi kamar ba zai ƙare ba, bakinka na ƙaiƙayi yana son ya ba da amsa. In ka daure, daga can bayan aji wani da bai taɓa magana ba zai ɗaga hannu rabi, ya faɗi abin da kai kanka ba ka taɓa tunani ba. Duk sabon malamin da aka turo mana sai na gaya masa wannan. Ga shi na cika shafuka da rubutu, ban bar irin wannan shiru ko na layi ɗaya ba.

Na dubi su Lurwanu na ce, "Rijiya ba ta san abin da ya kore ta ba. Ni ma ban sani ba. Me za ku yi?"

Na mayar da hannuwana baya. Mutum ba ya iya riƙe igiyoyi da zabuwa da hannu a baya. Igiyoyin suka zube, zabuwar ta dira ƙasa ta tsaya tana kallona kamar na ci amanarta. Shiru ya sauka, mai kauri, har na ga tururuwa na tafiya a kansa. Bakina ya yi ta ƙaiƙayi. Na daure.

Lurwanu ya ɗaga hannu rabi. "Malam, ramin nan dai."

Na bar hannuwana a baya. Uwani ta ninke takardar, ta yi ta ninkewa har ta koma daidai tafin hannu, ta danne ta da gwiwa ta ce, "To, maharbi, ga ka a bakin rami. Jefa."

Muna tsakiyar gari. An kwashe kujerun. Ɗan lido ya taho da gudu yana karkaɗe alli daga jikinsa kamar jakin da ya tashi daga birgima, ya yi tsalle ya faɗi. Ɗaya ya ba da.

Lurwanu da igiyata ya ɗaure ƙugu zai sauka, ita kuwa ba don ɗaukar nauyi aka yi ta ba, ta tsinke. Muka ji yana ta faɗuwa, har ya gaji ya huta a hanya, ya ci gaba. Sannan muka ji tim. Ƙafata ta ɗaga za ta ruga, na mayar da ita. Daga can ƙasa sai ga dariya ta taso, irin wadda ban ji ba a zaurena jiya, tana hawowa tana bugun bangon rami.

Lurwanu ya ce ya yi targaɗe, bakansa ya karye, amma a zo a gani. Ya fara jefo abubuwa sama: tsofaffin guguna, takalmin yaro wari ɗaya, murfin tukunya, ɗan kunne, da baƙar laka dunƙule-dunƙule. Sa'adatu ta tsuguna tana juya su da idon 'yar koli, sannan ta tambayi mutanen gari yaushe rabon da a yashe rijiyar nan. Suka dubi juna, don wannan ba ya cikin abin da suka haddace. Wata tsohuwa ta sauke hannu daga ƙirji ta ce tun da aka kafa famfon tuƙa-tuƙa a bakin kasuwa babu wanda ya sake sauka. Da can, in ji ta, duk rani samari ke shiga su kwashe laka, mata su dafa musu dambu, a yini ana yi wa rijiya kirari. Yanzu sai ranar da famfo ya lalace ake tunawa da ita, a zo a ɗiba ko sallama babu.

Ban rubuta tsohuwar nan ba. Ban ma san akwai famfo a garin ba.

Na ɗauka yanzu za a koma biko da wannan bayani, rijiya ta dawo kamar yadda yake a shafina na ƙarshe, har na fara jin sanyi a raina. Sai Sa'adatu ta ce ita a ganinta wadda aka yi wa laifi ba ita ya kamata ta yi tattaki ba, garin ne zai tashi ya je ya same ta. Zabuwa ta ƙwalla ƙarar da ba ta taɓa yi ba. "Ba haka ake yi ba" ta taho mini har bakin haƙora, na ji ɗanɗanonta. Na haɗiye ta, ta sauka da ƙyar kamar busasshen rogo.

Uwani ta ce a jefa. Huɗu ya ba da. Ta ce zai yiwu, amma ba kowa zai isa da kayansa ba.

Gidaje suka tattare katangunsu, rumfunan kasuwa a gaba ana ciniki a ciki, gidan mai unguwa na biye yana haki, aka kama hanyar gabas. A gindin tsamiya dodo ya hango gari guda ya nufo shi. Ya dube ni. Na gyaɗa masa kai. Ya juye haƙoransa a baki, ya miƙe, ya yi wata kururuwa da ta kaɗo 'ya'yan tsamiya. Gari ya watse da gudu. Gidan mai unguwa ya yar da zaurensa, Sa'adatu ta bar faifan koli, Lurwanu na ɗingishi yana dariya yana cewa a jira shi. Babu wanda aka kama. Da wuri ya lafa na ga dodo na bin hanya yana tsintar takalma yana zubawa a riga, zai kai gida a gani. Da ya zo wucewa ta gabana ya ce Allah Ya saka da alheri, Malam, idonsa ya kawo ruwa.

Garin ya isa bakin tafki ba a cike ba, ba kuma a jere ba. Wasu gidajen sun zauna a karkace, wani ɗaki ya faɗa tsakar gidan maƙwabta ya ƙi fita. Ni da nake son layi ya miƙe, sai da na kau da ido. Mata suka ɗora tukunyar dambu, samari suka tuɓe riguna suka nemi izinin tafki su shiga su kwashe sauran lakar da ke cikin 'yarsa. Rijiya ta sauke mayafi. Ba ta ce ta haƙura ba, ta ce a fara tukuna ta gani. Na tambayi Uwani a hankali ko daga baya za ta haƙura. Ta ce ita ma ba ta sani ba, kuma tana faɗa tana murmushi.

Muna ofis a kan kuka. Zabuwata na kan tebur, ta rame, gashin jelarta ya zube, wato shafukan ƙarshe, amma idonta ya yi haske, sai leƙe-leƙe take yi. Shamuwa ta zagaya ta, ta sa baki ta ɗaga fiffike ɗaya, ta ce yanzu ga wurin zama. Na tambaye ta ko an karɓa ke nan. Ta ce wannan ba a hannunta kaɗai yake ba, ga mai agwagwa, ga mai jimina, kuma ko rubutu mai kyau yakan faɗo a kan ɗaya. Ta miƙo mini ɗan lido, ya koma ƙarami, da fuskokinsa na asali. Ta ce ta san akwai alli a aljihuna, in na fi so za ta juya baya, ba za ta duba ba.

Na taɓa allin. Na bar shi a inda yake, na jefa.

Ya gangara daga tebur ya bi matakala, yana sauka yana hawa, yana bugun kowane itace, ƙwal, ƙwal, ƙwal. Marubutan gindin kuka suka miƙe suna leƙe, ciyawa na zuba daga hulunansu. Ni ma na leƙa. Bai tsaya ba, ƙwal, ƙwal.

Guga ne ke bugun bangon rijiyar gidanmu. Asabe, mai ɗakina, ke jan ruwan alwala, tana mita da igiyar da ta ce tun bara nake alkawarin canjawa. Na farka a rigingine, na danne hannuwana biyu a baya, sun mutu, ko yatsa ba na ji. Ta taga na ji motsin Uwani a tsakar gida tana shirin fita aiki.

Na kira ta na tambaya ko ta aika. Ta ce tukuna, Baba. Na ce kada ta aika, akwai sauran yini kafin a rufe, zan cire shafukan ƙarshe in sake zama a kan sauran. Na ce ta gaya wa su Lurwanu su dawo da yamma a sake gwadawa, ta kuma gaya masa ramin a buɗe yake.

Guga ya yi shiru. Uwani ta matso jikin taga.

"Me ke cikin ramin, Baba?"

"Ban sani ba," na ce.

Sai na ji ta yi dariya, ta gaske. Asabe ta ce ita ba ta san ramin da muke magana ba, amma in har akwai mai sha'awar sauka rami a gidan nan, to ya fara da wannan, don tun rani ruwanta ke fitowa da laka.